Minti Sha Biyar a Ɗakin Umma

Ni na yanke ta. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauka wanke kaina nake yi.

Aikina walda da gyaran salansa. Shekara uku ke nan da na gama sakandare, tun daga nan nake kwance ƙarƙashin motocin mutane. Wata Asabar da hantsi Yaya ya shigo garejin da nake aiki, ya hau da motarsa kan rami, ya fito yana juya makulli a yatsa. Abokinsa na biye da shi, wanda suke kira Mai Kwamfuta.

"Auta, shiga ka cire mata tukunyar nan."

"Wace tukunya?"

"Kada ka mayar da ni yaro. Katalis."

Tukunyar ƙarfe ce a tsakiyar bututun salansa. Cikinta kamar saƙar zuma, ƙananan ramuka ba iyaka. Hayaƙin inji yana bi ta ciki, in ta ɗauki zafi sai ta ƙone dafin da ke cikinsa kafin ya fito. Aikinta ke nan. Ba ta ƙara gudu, ba ta ƙara amo. Shi ya sa masu son gudu ba sa ƙaunarta.

Shekara guda Yaya ya yi yana wahalar da injin nan. Ya sa masa turbo mai cusa iska, ya sauya nozul zuwa manya masu zuba mai kamar famfo. A shagon kayan gyaran mota yake aiki, duk abin da ya shigo sabo sai ya gwada shi a kanta. Ranar hutu su fita sabon titin bayan gari shi da abokansa, su yi ta tsere kamar ana bin su.

"An shaƙe ta," in ji Mai Kwamfuta, yana dukan bonet da tafin hannu. "Kamar ka sa mutum gudu ka toshe masa hanci da tsumma."

"Doka ta hana," na ce.

"Dokar ce ta saya min motar?" in ji Yaya.

"Za ta yi wari."

"Ji malamin kimiyya. Kai da ka ci jarrabawa da ƙyar."

Suka yi dariya. Maigidana yana zaune a benci yana jin mu, ya ɗaga kafaɗa. A garejinmu ana cire ta kusan kullum, ba wanda ke tambaya. Na ɗauki injin yanka na shiga rami.

Minti ashirin. Na yanke gaba, na yanke baya, ta faɗo hannuna da nauyinta. Na auna miƙaƙƙen bututu na haɗa a gurbinta. Waldar ta yi kyau, layi ɗaya sumul ba ƙuraje. Har yau wannan ne ya fi ba ni haushi: ban taɓa yin walda mai kyanta ba.

Da aka tayar, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Motar tana cewa an cire mata wani abu. Mai Kwamfuta ya jona wayarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya yi 'yan danne-danne, fitilar ta mutu. Abu ɗaya a wurin ya yi ƙoƙarin faɗin gaskiya, aka rufe masa baki. Kafin la'asar mai sayen tsoffin tukwane ya zo, ya fasa ta da guduma a gabana, ya kwashe cikin a buhu.

Sai maganar gida.

Garejin gidanmu wani siririn lungu ne mai rufin kwano a gefen gida. Gabansa get na ƙarfe, gefensa ƙaramar ƙofa zuwa tsakar gida. A bangon baya akwai taga, ƙasa-ƙasa, mai gilasai jere, biyu sun fashe tun ina firamare. Tagar ɗakin Umma ce. A gindinta keken ɗinkinta yake, don nan ne haske ke shigowa.

Baba direba ne, shekara talatin yana tuƙa motar kamfani. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ya bar mana dokoki biyu. Ta farko, mota da baya ake shigar da ita, hancinta na kallon get. Ta biyu, ba a motsa inji da sanyinsa. Minti sha biyar ana ɗumama shi kowace safiya, ko gobara ake yi. Motocin zamaninsa suna bukata. Na yanzu ba sa bukata, na sha faɗa. Yaya ya riƙe dokar kamar a bakin kabari aka damƙa masa ita.

To ka haɗa. Baya na kallon bango, bakin salansa taku biyu daga tagar Umma.

Baba yakan buɗe get kafin ya tayar. Yaya ma haka yake yi da. Amma da aka cire tukunyar, ƙarar ta koma wani abu dabam, kwanon rufi har rawa yake. Kwana uku, tsohon malamin makaranta da ke fuskantarmu ya tsallako titi da jaridarsa a hannu, ya ce in ba a daina ba zai kai ƙara. Yaya bai daina ba. Ya riƙa rufe get, ya tayar, ya fita tsakar gida ya ja ƙaramar ƙofar, ya zauna shan shayi har minti sha biyar ɗinsa su cika.

Ni ban san wannan ba. Shida da rabi nake barin gida, shi bakwai da rabi yake tayarwa.

Abin da na sani, Umma ta fara ciwon kai. Da yamma in na dawo sai ta ce da safe kamar ana sara mata goshi, amma yanzu ya sauka. Ta ce barci ke ɗaukarta a kan keke. Wata mata ta dawo da rigar 'yarta, ta ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Umma da take yanka yadi ba tare da ta ja layi ba. Ta warware ɗinkin, kunya ta hana ta ɗaga kai.

Yaya ya kai ta asibiti, a motar. Aka auna jini, lafiya. Aka sauya mata tabarau. Aka ce ta rage gishiri, ta rage aiki. Ranar Lahadi, da Yaya ba ya fita da safe, garau take tashi. Muka ce hutu ne ke yi mata magani.

Mako biyar ana haka.

Ranar wata Talata hasken walda ya shiga idona. Laifina ne, na yi aiki ba gilashi. Duk mai sana'ar ya san shi: washegari ka tashi kamar an zuba maka yashi a ido. Ban je aiki ba. Umma ta ce in zo ɗakinta in kwanta, ta ɗora min jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Ina kwance a tabarma ina jin kekenta yana tafiya.

Sai motar ta tashi.

Ƙarar ta shigo ta bango, ta tabarma, ta haƙorana. Bayanta wari. Ɗanyen fetur da bai ƙone ba, mai kama maƙogwaro. Na san warin, da shi nake wuni. Amma a gareji iska na kaɗawa ta ko'ina. Nan ɗaki ne, ƙofa a sakaye. Kuma abu ɗaya na riƙe daga ajin kimiyya: wanda ake jin warinsa ba shi ne mugun ba. Mugun ba shi da wari ko kaɗan.

Keken ya rage gudu. Ya tsaya.

"Umma."

Shiru.

Na cire tsumman. Da ƙyar nake gani, hawaye na zuba. Ta kifa kai a kan yadin, ƙafarta na kan feda, allura ta tsaya a tsakiyar ɗinki. Na ɗaga ta. Ta buɗe ido a hankali ta ce, "Na ɗan gyangyaɗa ne." Na tallabe ta zuwa tsakar gida, na zaunar da ita a inuwa, na shiga garejin ina riƙe da numfashi na murɗe makulli.

Yaya ya ajiye kofi. "Wa ya ce ka kashe? Saura minti shida."

"Motarka ce."

"Na san motata ce."

"Ita ke sa mata ciwon kai. Hayaƙin ɗakinta yake shiga."

Ya dube ni, ya dubi Umma, ya yi wata dariya ta hanci. "Shekara talatin Baba yana ɗumama mota a wurin nan. Ka taɓa jin ta ce kanta?"

"Baba yana buɗe get. Kuma motar Baba ba ta shan mai kamar taka. Da tukunyar a jiki, minti biyu ta yi zafi ta fara cinye dafin. Yanzu ba abin da ke tare shi."

"To wa ya cire?"

Na kawar da kai wajen garejin.

"Ina tambayarka, likita. Wa ya cire?"

"Ni."

"Madalla."

Na ce to a nemo wata tukunyar in mayar, ba sai ya ce komai ba, ni zan yi aikin. Ya ce an riga an saita kwamfutar motar a kan babu ita, kuma yana da tsere ƙarshen wata. Na ce ya buɗe get. Ya ce in je in gaya wa malamin nan mai jarida. Na ce ya shigar da ita da gaba. Ya ce a gidan nan ba a taɓa yi ba. Na ce ya daina ɗumamawa, injin ba ya bukata.

"Kai ka fi Baba sanin mota ke nan."

"Ban ce ba."

"Ka ce mana. Faɗa a gabanta."

Na juya wajen Umma. Na ɗauka za ta tsaya min. Tana zaune tana murza goshi da yatsu biyu.

"Umma, ko tagar ce a toshe. In kawo katako yau in rufe ta."

"In ɗinka da wane haske?"

"To ki riƙa fitowa nan har ya tafi."

"Auta," ta ce, "ni nake buɗe sauran gilasan da hannuna. Tun ina amarya da ƙarar mota gari ke waye min. Babanku na ɗumamawa, ni ina zare allura. Da ya rasu wata bakwai lungun nan shiru, kai ba ka san yadda na ji ba. Ka bar ɗan'uwanka. Ciwon kai na tsufa ne."

Yaya ya ɗauki kofinsa ya ƙarasa shayin.

Na wuni da abin a ƙirji. Ba Yaya kaɗai ba. Mai Kwamfuta da ya kashe fitila. Maigidana da kafaɗarsa. Likitan da ya tambaye ta gishiri bai tambaye ta ina take zama da safe ba. Baba ma, Allah ya ji ƙansa, da ya bar doka bai bar dalilinta ba. In na gama zagaye sai in dawo kan wanda ya riƙe injin yanka.

Washegari ban je aiki ba, ko da yake idon ya yi sauƙi. Bakwai da kwata na tsaya a bakin ƙaramar ƙofar. Yaya ya fito da makulli.

"Matsa."

"Ba ni. Yau ni zan ɗumama maka."

"Ka tuba ke nan?"

"Kai kuma ka shiga ka zauna a kujerar Umma. Yadda take zama, ƙofa a sakaye. Minti sha biyar. In ka fito lafiya, ba zan sake magana ba har abada."

Ya kalle ni sama da ƙasa. Yaya bai taɓa ƙin gasa ba a rayuwarsa, na san da wannan.

"Har abada ka ce?"

"Har abada."

"Umma, ki zama shaida. Yau za mu huta da wa'azi." Ya jefo min makullin. "Kada ka taɓa min totur."

Umma ta ce mu bar shirme. Ba wanda ya saurare ta. Na fito mata da kujera tsakar gida. Yaya ya shiga ɗakin da kofinsa, ya zauna gaban keke, ya sakaya ƙofa. Na duba get, a rufe. Na tayar, na fito, na ja ƙofar. Na duba agogon waya.

Minti biyu, muryarsa ta fito ta saman ƙarar. "Auta, kawo min yadi in ɗinka maka wando."

Minti biyar. "Daɗi ma wurin nan. Ɗumi."

Minti bakwai ya yi tari, ya ce shayi ne ya sarƙe shi. Ya fara wata waƙa, ya bari a tsakiya.

Minti tara. "Nawa ya rage?"

"Shida."

"Ƙarya kake."

Na ci gaba da kallon agogo.

Minti goma sha ɗaya ba ya magana. Na san abin da shirun yake nufi, na ji irinsa jiya. Ya kamata in tashi. Ban tashi ba. Ina kallon lambobin suna sauyawa, ina tuna rigar da aka dawo da ita, da yadda Umma ta sunkuyar da kai tana warware zare. Na ce a raina, mako biyar ta yi. Ya ƙara minti ɗaya.

"Auta." Umma ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Kashe."

"Saura uku."

"Na ce ka kashe."

Na kashe. Ta riga ni isa ƙofar ɗakin, ta tura. Yana zaune, hannu biyu dafe da teburin keken, idonsa ja, yana kallon bango kamar an tambaye shi lissafi. Ya miƙe, ƙafa ta ƙi. Na kama shi ta hammata. Ya ture ni, ya dafa bango, ya lallaba har bakin magudana, ya durƙusa. Shayin duka ya dawo.

Umma ta kawo buta tana zuba masa ruwa a ƙeya. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakinta a buɗe, sannan ta dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a wurinta ba, kuma ba na godiya ba ne.

Yaya ya kurkure baki, ya tofar.

"Abincin jiya ne," ya ce.

Ranar bai je shago ba. Ya wuni kwance da ciwon kai.

Washegari ƙarfe shida aka buga min ƙofa. Shi ne, da makulli a hannu, bai kalle ni ba.

"Zo ka tura."

"In tura me?"

"Motar. Waje."

"Ka tayar ka fita da ita mana. Taku goma ne."

"Da sanyinta?"

Na tsaya ina kallonsa. Da gaske yake. Ya buɗe get, ya shiga, ya sa ta a firi, ya saki birkin hannu. Na dafa but na tura. Motar na da nauyi, bakin get ɗin kuma da ɗan tudu. Sau uku tana dawowa kaina. Da muka hau titi ya ce in ci gaba, kada mai jarida ya ji. Na tura ta har kwana, wajen da ake jiran bas, gaban shagon wata mata mai sayar da burodi. Nan ya taka birki, ya tayar, ya duba agogo.

Matar ta ja gyale ta rufe hanci. Mutum uku da ke jiran bas suka matsa gaba.

"Nan waje ne," in ji Yaya ta taga. "Iska na kwashewa."

"Tukunyar fa?"

"Bayan tsere mu gani."

Tseren ya wuce da mako uku. Ba mu gani ba. Kullum ƙarfe shida ina tura mota mai lafiya zuwa kwana, in isa aiki da riga jiƙe. Maigidana ya tambaya, na gaya masa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Jiya aka kawo wata mota a cire mata tukunya, na ce hannuna na ciwo. Ya ba wani. Minti ashirin aka gama.

Ciwon kan Umma ya tafi. Ɗinkinta ya dawo daidai, kafin azahar ta gama abin da a da take kaiwa la'asar a kansa. Maganarta da ni ta ragu, daga gaisuwa sai ga abincinka.

Yau da safe na dawo ɗaukar jakata bayan turin. Na same ta zaune gaban keke, ba ta fara ba, zare a hannu, tana fuskantar tagar. Lungun babu kowa. Daga can kwana ana jiyo ƙarar, ƙasa-ƙasa.

"Umma, ya kan?"

"Lafiya lau," ta ce. Ta lashi bakin zaren, ta kai shi ga allura, ya shiga a karon farko. "Ka ji daɗi. Ka mayar min da gida kamar ba kowa."